Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da ɗan ƙanwata ya ce zai shiga soja

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda na ajiye kaki na dawo gida Katsina, na kama ɗan shago wajen Kofar Kaura ina gyaran janareta. To ban jima da dawowa ba matasan unguwa suka maida ƙofar shagon nan majalisa, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce kullum, wai Baba Soja aikin nan akwai ci gaba ko wahala ce zalla. Amsar da nake ba su ita ce dai wadda na ba ɗan cikinmu.

Wata rana bayan isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta murza hula a hannu kafin ya iya buɗe baki. Ya ce "Kawu, so nake in shiga soja, kuma akwai wani mutum da ya ce in an ba shi kuɗi zai sa sunana." Na ce mashi tashi ka zauna ɗana, kuɗin nan ko sisi ba za mu bayar ba. Fom ɗin soja kyauta ne, a intanet ake cike shi, tantancewa kuma a jiharka ake yinta a gaban kowa, a auna tsayinka, a duba jininka da idonka, a sa ka gudu. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ɗan damfara ne, kuma wallahi na ga gidajen da aka saida akuya da gona saboda irin waɗannan mutanen, yaro yana zaune har yau.

Na tambaye shi takardunsa. Yanzu ba kamar zamaninmu ba ne, sai da sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB kuma da Turanci a ciki, da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a ko'ina, don harafi guda ya sha maida mutum gida. Shekaru 18 zuwa 22 ake ɗauka in ba ka da sana'a, mai sana'ar hannu ana ɗaga mashi har 26. Wannan ɗagawar kaɗai ta isa ta nuna maka wanda soja ke nema.

Ni abin da ya riƙe ni a aikin nan kanikanci ne. Kafin in tafi Depot ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, na yi yaron gareji, hannuna ya san sifana, to da aka gama horon kurata aka ga haka sai aka tura ni ɓangaren gyaran motoci da injuna, aka yi ta aika ni kwas. Depot ɗin nan tun 1924 take fitar da sojoji, horon wajen wata shida ne, kuma kar wanda ya ruɗe ka, akwai wuya. Aski tal kwabo ranar farko, tashin asuba cikin sanyin Zariya, fareti har ƙafa ta kumbura cikin but, ga kofur a kanka yana daka tsawa. Amma wannan mai wucewa ne. Abin da ke bambanta mutane yana zuwa daga baya, mun fita tare da wasu da suka tsaya a harbi da gadi kawai, ga su jarumai na gaske, sai dai ranar da suka ajiye aiki ba su da abin yi sai jiran fansho.

Shi ya sa na ce mashi, in har sakamakonka ya yi kyau ka fara gwada NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshi wadda aka kafa a 1964, ka yi shekara 5 ka fito da digiri kuma kana hafsa. Wanda ya riga ya yi digiri ko HND shi ma akwai ƙofarsa ta gajeren horo, likitoci da injiniyoyi da lauyoyi ta nan suke shiga. Mu Katsinawa ai ba baƙin wannan hanya ba ne, Janar Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari na Daura duk hafsoshi ne. In kuma ta Depot Allah ya nufa, to ka shiga amma kar ka rufe littafi, don daga farabiti zuwa las kofur zuwa kofur zuwa saje, igiya ba ta hawa hannu sai da kwas da jarabawa, kuma na ga ƙananan sojoji da suka yi karatu suna cikin aiki har suka zama hafsoshi muna sara masu.

Amfani kam akwai shi, ba zan ɓoye ba. Albashi ba mai yawa ba ne amma yana zuwa duk wata, ga ɗaki a bariki, matarka ta yi rashin lafiya akwai asibitin soja, in abin ya yi tsanani a tura ku babban asibitin soja na 44 a Kaduna, yara kuma ga makarantun soja na Command. Soja ba ya cikin tsarin fanshon da ake cirar kuɗi daga albashi a kai wa kamfani, hukumar fanshonsu daban take a Abuja, ga garatuti. Kafin ka fita kuma akwai cibiyar koyon sana'a a Oshodi ta Legas, can na ƙaro ilmin janareta da nake ci da shi yanzu.

Sai na kawo mashi maganar da matasa ba sa son ji. Mun je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, akwai waɗanda muka ci abinci kwano ɗaya da su ba su dawo ba, Allah ya jiƙansu. Yau ma ba sai an tsallaka ƙasa ba, ga dajin Rugu nan, ga Batsari da Jibiya da Safana, ga Borno. Don haka fom ɗin magaji da za a ba ka, wanda ake rubuta sunan mai karɓar hakkinka in ta Allah ta kasance, ka cike shi da hankalinka, ka sa wanda zai riƙe amanar mahaifiyarka, in ka yi aure ka koma ka gyara. Na ga matar abokina da goyo tana yawo ofis ofis saboda sunan wani ɗan'uwa aka bari a takarda tun yana saurayi, shi kuma ya karɓe ya yi gaba. Abin nan har yau yana ci mani rai.

Ya ce "Kawu, Inna fa ba ta yarda ba." Na ce to ba inda za ka sai da albarkarta, ka bar mani wannan, gobe zan shiga wajenta da kaina. Yadda muka kwashe da ita, da sharaɗin da ta gindaya mana, shi zan kawo maku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.