Binciken kayan tarihi kafin a sauya gada: abin da aikin ya koya mana

An ba mu aikin duba kayan tarihi a wurin da za a rushe wata tsohuwar gada a gina sabuwa, a kan wani mayo (rafin da ke ƙafewa da rani) a hanyar da ta tashi daga Marwa ta nufi Mora da Kuseri, a arewacin Kamaru. Zanen da aka miƙo mana ƙafafun gadar kawai ya nuna, da 'yan mitoci hagu da dama. Na mayar da shi, na roƙi a ba ni zanen shantiye, wato filin aikin, gaba ɗaya: hanyar ratse da motoci za su riƙa bi, wurin sansanin ma'aikata, inda za a jibge tsakuwa da siminti, da ramukan da za a ɗebo ƙasar ciko. Ƙasar gindin tsohuwar gada an birkice ta tun ranar da aka gina ta. Ɓarnar da nake tsoro a waɗancan wuraren take aukuwa, kuma su ne ba a cika zanawa da wuri ba, don ɗan kwangila ne ke zaɓensu bayan ya sauka.

Doka tana bayanmu. Dokar Kamaru mai lamba 2013/003 ta ranar 18 ga Afrilu 2013 ta wajabta a binciki kayan tarihi kafin manyan ayyukan gini, izinin haƙa kuma daga Ma'aikatar Fasaha da Al'adu yake fitowa. An kuma taɓa gani a aikace: tsakanin 1999 da 2004, masu bincike da suka bi layin bututun mai daga Kome a kudancin Chadi zuwa Kiribi, kilomita 1,070, sun rubuta wuraren tarihi sama da 400.

Mun fara da takardu. Taswirar da mai bincike Jean-Paul Lebeuf ya fitar a 1969 ta tattara tuddan Sao, tsohuwar al'ummar da ta zauna a kewayen tafkin Chadi. Wani mai binciken, Alain Marliac, ya haƙa tuddai a Salak da Goray da Mongossi, ya kuma yi aiki a gaɓar mayo Tsanaga inda mutanen dauri suka sassaƙa gatarin dutse. Wannan ya gaya mana irin abin da za mu sa ran gani. Daga nan sai gaisuwa: sufurefe (shugaban gunduma), fadar lamido, lawan, jauro (mai gari). Ba na sa diga a ƙasar gari kafin jauro ya haɗa ni da dattawan da za su zaga da ni. Wani dattijo ne ma ya ce mini, “Malam, kafin gada ba nan ake ƙetarewa ba, can ƙasa ne wajen tsamiyar nan.” Tsohon mashigi ke nan, kuma inda ayari ya daɗe yana ƙetarewa da wuya a rasa zango ko kufai kusa. Hanyar ratsen da injiniyoyi suka zana ta nan ta bi, saboda nan gaɓar ta fi kwanciya.

Lokacin zagaye yana da muhimmanci. Da kaka ciyawa ta rufe ƙasa, ba a ganin komai. Daga Janairu zuwa Afrilu, bayan an girbe muskuwari (dawar rani) kuma mayo ya ƙafe, shi ne daidai. Mun jera, mita 10 tsakanin mutum da mutum, muna tafiya a hankali ido a ƙasa. Duk inda tsingaro ya yi yawa, ko kashin maƙera, ko dutsen niƙa, ko ƙasa ta koma ruwan toka, sai a kafa tsinke a ɗauki lambar GPS.

Amma a bakin mayo, saman ƙasa yana ruɗin mutum. Kowace damina ruwa yana shimfiɗa laka da yashi, har kufai ya nutse mita ɗaya ko biyu ba tare da alama a sama ba. Don haka muka sauka cikin mayon muka karanta gaɓarsa, inda zaizaya ta riga ta yanka mana ƙasar kyauta. Ana kankare fuskar gaɓa da cokalin magini, faɗin mita ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, sai shimfiɗun su fito. A gaɓar arewa mun ga baƙin layi mai gawayi da tsingaro a zurfin santimita 120. Nan sai a duba bakin tsingaron. In ya goge ya yi sumul, ruwa ne ya mirgino shi daga wani wuri, ba shaidar zama ba ne. In bakinsa na da kaifi, kuma gutsattsarin tukunya ɗaya suna kwance tare, to a nan aka fasa ta. Namu masu kaifi ne. Na kuma nemi masu gwajin ƙasa na kamfanin su nuna mana abin da bututunsu ya fito da shi lokacin da suka huda wurin ƙafafun gada, domin sun kai zurfin da diga ba za ta kai ba.

Ramukan gwaji mita ɗaya ne a kan mita ɗaya, ɗaya a kowace mita 25 a kan layin ratse, ana sauka santimita 10 a kowane zubi. Ƙasar duka tana bi ta rariya mai ido milimita 5. Kowane zubi da jakarsa, da takarda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, don rana tana cinye rubutun waje. Gawayin gwajin shekaru da cokali ake ɗauka, a naɗe a takardar alminiyom, kada hannu ya taɓa. In rami ya wuce mita ɗaya da rabi a yashi, dole a faɗaɗa bakinsa a yi masa matakala, in ba haka ba ya rufta da mutum.

Ƙasar karal, baƙar lakar da ake dasa muskuwari, ita ce ta fi ba da wahala. Da rani tana darewa, tsagar ta yi zurfi, tsingaron sama ya faɗa ciki, da damina ta kumbura ta rufe. Sai ka tarar da gutsuren kwalba a ƙarƙashin tukunyar da ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Gawayin da ke warwatse a irin wannan ƙasa ba na aika shi gwaji, asarar kuɗi ce. Na murhu ko na cikin tukunya nake aikawa.

Maganar ƙasar ciko ita ce ta fi ci mini rai. A filin da ruwa ke kwanciya, tudu shi ne wurin da tifa za ta shiga ba ta kafe ba, shi ya sa idon ɗan kwangila ke kansa, ko don sansani ko don ɗiba. Amma tudu a irin wannan fili sau da yawa ba halitta ba ne. Gari ne a kan gari: katangar laka ta rushe, aka gina wata a kanta, toka da juji suka taru har ƙasa ta tashi. A tuddan Sao ma an samu manyan randuna da aka binne mutane a ciki. Katafila tana iya kwashe irin wannan tudu cikin yini guda, a shimfiɗa shi ƙarƙashin kwalta. Ɗaya daga cikin wuraren ɗiba da aka ware mana tudu ne irin wannan. Ban tsaya dogon bayani ba, na kai injiniya wurin na nuna masa tsingaro a bakin ramin gafiya, na ce, “Injiniya, wannan kufai ne, kuma ƙasar toka da shara ba za ta daddale maka yadda kake so ba.” Gwajinsu ya nuna haka, aka koma wani wuri.

Layin ratse kuwa an gusa shi mita 40 gabas, inda ramukanmu suka fito wayam. Gusa layi a takarda ya fi haƙa arha nesa ba kusa ba, amma sai in rahoto ya isa kafin a sa hannu a kwangila. Guntun da bai gusu ba, wajen hawa gaɓar arewa, shi muka haƙa sosai muka zana muka ɗauki hoto. Tsohuwar gadar ma an auna ta an ɗauki hotonta kafin a fasa.

Saura abin da zai ɓullo ana tsakiyar aiki. Mun sa a rubuta cikin kwangila cewa mutuminmu zai tsaya duk lokacin da ake kankare ƙasar sama, da bokitin inji mara haƙora, santimita 20 a kowane ja. In wani abu ya fito, a tsayar da inji, a zagaye wurin da igiya mita 20, kada a ɗaga komai. In ƙashin mutum ne, a rufe shi, a sanar da hukuma da jauro da liman kafin kowa ya ɗauki hoto. Na kuma nace a sa kuɗin kwanakin tsayawa cikin lissafi, domin direban da ya san za a yanke masa kuɗin yini in ya yi magana, tura ƙasa zai yi ya rufe randar ya wuce. Kayan da muka haƙo an wanke su, an sa musu lamba, an miƙa wa ofishin ma'aikatar na Marwa da takardar karɓa, kwafin rahoto ɗaya kuma an kai fadar lamido.