Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Adakar Ƙarƙashin Benci

Makon jiya na tsaya a inda na zama jemage, ba ni ga tsuntsu ba ni ga dabba. A makarantar allo ta unguwarmu cikin Birni, a Damagaram ta Nijar, sunana ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko. A lakwal kuwa ƴaƴan ma'aikata kan ja da baya idan na zauna, wai ina warin jima, tun da mahaifina majemi ne. Ba ƙarya suka yi ba, warin bagaruwa ba ya jin sabulu.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, duk littafin da ke zuwa daga can kuɗinsa ya ninka. Mahaifina ya ƙirgo jikka guda ya ce in je Kasuwar Dole in nemi tsohon littafin lissafi, wanda wani ya gama da shi. Neman nan ne ya kai ni wata rumfar kwano da ke maƙale tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da tabarmi.

Mai rumfar dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Kowa Baba yake ce masa. A gaba ya baza littattafan lakwal da na addini, waɗanda ba mai ɗaga gira idan ya gan ka da su. A baya, bayan wani labulen buhu, nan kasuwar gaske take: littattafan soyayya na Kano, sirara, takardarsu kamar ta ƙunshin ƙosai. Shi da kansa yake bin hanyar Matamaye ya sayo su da naira. Ba ya cika sayarwa, haya yake bayarwa, dala biyar kwana biyu. Matan kulle ne manyan masu hayar, sai dai ba ka taɓa ganinsu. Yaro zai zo da kwanon abinci rufe, a buɗe, a sauya littafi, a mayar da murfi. Masu wa'azi na ta cewa littattafan nan ke lalata tarbiyya, amma na sha ganin kwanon da ya fito daga gidajen da ba zan faɗa ba.

Ranar farko na ɗauki ɗaya na fara karantawa a bayyane, Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara bakwai ina lakwal, ban taɓa ganin Hausa a rubuce da boko ba. Ina karanta ta da harshen mushe, malaminmu na Faransanci: "ciki" na ce "siki", harafi mai lanƙwasa kuwa na ɗauka tawada ce ta zube.

"Yaro," ya ce, "ajiye bakin Nasara. Karanta da bakin da kake roƙon tuwo wurin uwarka."

Na sake. Sai ga maganar gidanmu tana tashi daga takarda, har da habaicin kishiyoyi irin wanda nake ji a tsakar gida. Gaskiya wasu labaran ba su da kai, yarinya ta haɗu da mai mota, shi ke nan. Amma wasu, musamman na mata, suna faɗin abin da ba a faɗa a zaure: auren dole, mijin da ya kori uwargida da ƴaƴanta don ya yi amarya.

Daga nan rumfar ta zama fadata. Sa'o'ina suna can suna dafa shayi, ni ina kan benci ina kaɗe ƙurar littattafai, ladana in karanta kyauta. Masu zuwa wurin duk irina ne: wani malamin lakwal da aka daɗe ba a biya albashi ba, wani gurgu mai rubuta wa mutane wasiƙa, da wani da unguwa ta yanke wa hukuncin taɓin hankali don kawai yana yawan tambaya. Babu wanda ya taɓa toshe hanci.

Sai da na yi wata biyar Baba ya jawo adakar ƙarfen da nake zama a kanta ban sani ba. Ciki takardu ne da suka yi ja, na zamanin Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary da aka haramta a 1959. Ya ce akwai lokacin da takarda ɗaya cikinsu ta isa ta kai mutum inda danginsa ba za su san kabarinsa ba, shi ya sa tasa ta yi shekaru a cikin rumbun hatsi a ƙauye. Daga ƙasa ya zaro wani littafin Faransanci naɗe a tsumma, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, bugun 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Marubucin ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira, ya dawo ya sha kurkuku zamanin mulkin soja na Kountché, kuma ya rasu a haɗarin mota a 1993.

"Baba, a ba ni haya?"

"Wannan ba na haya ba ne, ɗana. Amana ce. Kwana uku."

Na kai shi gida cikin riga. Ɗakinmu mu shida ne, babu maɓoya, sai na cusa shi tsakanin fatun awaki da ke jibge a zaure, da niyyar in ɗauka da asuba. Barci ya sace ni. Da na farka rana ta fito, zaure wayam. Na tambayi Inna, ta ce ai tun bayan salla mahaifinka ya ɗora fatun a kan amalanke, yau ranar jiƙo ce.

Na fita da gudu ko takalmi babu. Abin da na tarar a majema, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.