An kare kundi, sai godiya

Alhamdulillahi. Jiya da rana kwamiti ya amince da kundina na digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, saura 'yan gyare-gyare kaɗan in kai ɗauri. Masu kira da masu turo saƙo ku yi mini afuwa, ina shigowa gida na kwanta da mayafina, ban farka ba sai kiran asuba.

Ba sai na sake ba ku labari ba. Kun san yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana Fabrairu har zuwa Oktoba, kun san goyon da na yi ta yawo da shi. Mutum ɗaya nake so in tsaya a kansa.

Bincikena a kan bayar da kaya bashi ne tsakanin 'yan Kantin Kwari. Lissafin Yamane, wanda ake fitar da yawan mutanen da za a tambaya da shi, ya ce sai na sami kusan mutum 400 sun cike takardar tambayoyi, kuma fitata kasuwa ta faɗo a Fabrairun 2023, tsakiyar canjin kuɗi. Ba tsoho ba sabo, transfa na maƙalewa, ga mutane ba su gama farfaɗowa daga ambaliyar da ta jiƙa musu kaya a daminar 2022 ba. A wannan hali mace ta shigo da biro tana tambayar nawa kake bi, nawa ake bin ka. Da yawa sun ɗauka 'yar haraji ce. Wani ya karɓi takardar ya shimfiɗa ya ɗora kwanon abincinsa, ina tsaye. Ranar na raɓe bakin wata rumfa, yarinya tana kuka a baya, ni ma hawaye ya zo, don na riga na ga semista ta wuce ni, ga kuɗin sabuwar rajista da ban san inda zai fito ba.

Mai rumfar, dattijo mai sayar da shadda, ya turo mini benci da ruwan leda. Ya ce, "'Yata, kwance ta ta sha iska, sannan ki faɗa mini wa ya aiko ki." Na yi masa bayani. Ya sa yaronsa ya karanta tambayoyin, ya yi dariya ya ce, "Wannan na amince, na amince sosai, ai ba haka ake bashi ba." Sai ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin dila, duk da ajami, ya buɗe mini. Sunayen mutanen Maraɗi, na Damagaram, na Anjamena, na Marwa, kowa da turamen da ya ɗauka. A gefen kowane suna akwai wani sunan, na wanda ya kawo shi ya tsaya masa. Babu jingina, babu sa hannu. Ya ce, "In mutum ya ɓace, wannan na gefen nake nema, shi kuma ba zai so a ji a layi ba."

Washegari ya haɗa ni da yaron nan ya zaga da ni rumfa-rumfa yana cewa 'yar Baba ce. Waɗanda suka kore ni su ne suka riƙa kira mini maƙwabtansu. Saboda littafin nan na ƙara hira da baki a babi na uku, kuma a kansa malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya fi daɗewa jiya, yana tambayar yadda za a auna amana da ma'aunin maki biyar, wato irin su na amince, na amince sosai. A ganina ba ta aunuwa da shi, kuma na faɗa. Banki na neman takardar fili da bayanin asusu, kasuwa na neman wanda zai tsaya maka, shi ya sa shirye-shiryen rance da yawa ke wuce mutanen nan ta sama. Baba ya hana in ambaci sunansa ko a shafin godiya. Allah Ya san shi. Allah Ya yi wa kasuwarsa albarka, Ya tsare ta daga wuta da ruwa, Ya sa ya gama lafiya, Ya dubi bayansa.

Malamin da ya duba aikina, wanda jan bironsa ya sha hana ni barci, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ɗaukaka. Ƙanwata a aji da ta zauna da ni a kan SPSS, manhajar tantance alƙaluma, har babi na huɗu ya miƙe, ta kuma kwana da ni muna sake jimloli kafin a sa aikin a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, Allah Ya ba ki miji nagari. Mai shagon buga takardu da ya yi mini lamuni lokacin da komai ya tashi bayan cire tallafin mai, ban manta ba, ina tafe.

Inna, na san ba a yabon uwa a bainar jama'a, amma yau sai kin yi haƙuri. Ke kika yaye mini yarinyar nan. Allah Ya kai ki Makka, Ya ba ni ikon yi miki hidima, Ya jiƙan mahaifinmu da bai ga wannan rana ba. Abban yara, kai ka san abin da ka jure. Allah Ya bar mu tare.

'Yan'uwan da suka ce boko ya hana ni zumunci, ban ga ƙafarsu ba ko da yarinya ta kwanta asibiti, na ga saƙonninku na murna kuma na gode. Ba komai.

Walima sai an ɗaure kundi an sa hannu, Yaya Babba za ta sanar da rana. 'Yan ajinmu da za su shiga kare kundi mako mai zuwa, Allah Ya sassauta muku, Ya buɗe bakinku. Duk mai bukatar tsarin APA na jera manazarta da na bi ya yi mini magana bayan Juma'a.