Aikin mai biyolin da masu sauraro ba sa gani

Sana'ata kiɗan biyolin ce, wato gogen Turawa, a okestira, babbar ƙungiyar makaɗa, kuma abin da nake fara dubawa da safe shi ne laimar ɗaki, tun kafin takardar kiɗa. Biyolin itace ne siriri da aka haɗa da gam, ya fi zama lafiya in laima tana tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. In iska ta bushe, turakun ɗaure tsirkiya su saki, haɗin gam ya buɗe, wani lokaci fuskar ma ta tsage. In laima ta yi yawa, turakun su cije, sauti ya dushe.

Sai jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa. Ba a manne yake ba, tsirkiyoyin nan huɗu ne kawai ke danne shi, kuma duk ɗaurin da aka yi yana jan kansa zuwa wajen wuya kaɗan-kaɗan. Nakan dube shi ta gefe, in ya karkata in miƙar da shi da yatsun hannu biyu a hankali. Wanda aka bari a karkace lanƙwashewa yake yi. Tsirkiya kuwa ɗaya bayan ɗaya nake canzawa, kowane wata uku zuwa shida. In aka kwance su gaba ɗaya, ɗan ginshiƙin da ke tsaye cikin cikin biyolin yana iya faɗuwa, sai mai gyara. Ina goga bakin fensir a ramin da tsirkiya ke kwanciya don ta riƙa zamewa. Ba na sa sabuwa ana gobe wasa, don tana kwana biyu ko uku tana miƙewa.

Izgar baka, sandar da ake goga tsirkiya da ita, gashin wutsiyar doki ce. Ba a taɓa ta da yatsa, maiƙo yana hana ta kama ƙaron da ake shafa mata don ta riƙe tsirkiya. Ƙaron ma shafa uku ko huɗu ya isa; masu koyo sukan cika shi har sauti ya yi kaushi. An gama kiɗa, a sassauta izga, a share ƙurar ƙaro da busasshen ƙyalle. Sinadarin alkohol kada ya kusanci fentin, cinye shi yake yi.

A wurin atisaye, wanda yakan ɗauki awa biyu da rabi, mai obo, wani abin busa mai kama da algaita, shi ke ba da sautin da ake kira A, wanda kowa ke daidaita kayan kiɗansa da shi: 440 Hz (ma'aunin kaifin sauti), ko 442 a ƙungiyoyi da yawa na Turai. Mutum biyu ke karanta takarda ɗaya, na ciki, wanda ya fi nisa da masu sauraro, ke juya shafi. Shugaban masu biyolin shi ke yanke inda baka zai hau da inda zai sauka, mu kwafa da fensir, ban da biro. A ganina wannan ne mafi wuyar koyo: ka yi shekaru kana neman sautinka na kanka, sannan a ce kada a ji ka dabam cikin sahu.

Wurin da ya gagara a gida nake warware shi, da na'urar ƙidayar bugu, a rabin saurinsa, in riƙa ƙarawa kaɗan. Bayan kowane minti 30 zuwa 45 nakan ajiye, domin wuya da kafaɗar hagu su ke fara ciwo in ana matse biyolin da haɓa. Kunnen hagu ma yana shan wahala, shi ne ke dab da itacen. In an zaunar da ni gaban masu ƙaho ko masu ganga, matoshin kunne na makaɗa nake sawa, irin wanda ke rage ƙara daidai wa daida ba ya dushe sauti.