Talata: dayis ɗin da ya hana ni barci

Yau aka yi wasan jerin gwanon ma'aikata da 'yan aji uku, wanda Greg Howell ya ƙirƙiro don koyar da tafiyar aikin gini. Rukuni huɗu, kowanne mutum biyar: mai jera bulo, mai wayarin, mai aikin famfo, mai filasta, mai fenti. Murafun kwalba 35 su ne ɗakunan da za a gama. Kowa yana jefa dayis, irin na ludo: jifa ɗaya mako ɗaya ce, lambar da ta fito ita ce yawan murafun da za ka iya miƙa wa na gaba, amma ba ka miƙa fiye da abin da ke gabanka.

Rukuni biyu dayis ɗinsu 3 da 4 kawai yake fitarwa, sauran biyun 1 da 6. Matsakaicin duka 3.5 ne, don haka a lissafi mako 14 ya ishi kowane rukuni: 10 na aiki, da huɗu kafin aiki ya iso na ƙarshe. Masu 3 da 4 sun gama kusa da hakan. Masu 1 da 6 kuwa suka wuce sosai, domin idan mai filasta ya jefa 6 alhali murfi ɗaya aka miƙo masa, biyar sun tafi a banza, ba sa dawowa. Ajin ya kaure da ihu, har masu zaman baya suka miƙe.

Sai monita ya ce, "Malam, ai wannan sa'a ce kawai."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ba laifinsa ba ne. Wasan ya cinye minti 70, tattaunawa ta samu 10, alhali a can darasin yake. Kuma rukuni biyu ba su cike takardar lissafi ba: gurbin ƙarfin da ya salwanta da na aikin da ya taru, duk fayau. In babu waɗannan lambobi, ɗalibi zai tafi da cewa wani ya ci wani, ba zai ga cewa rashin tabbas ne ke kashe lokaci ba, ko da kowa gwani ne. Mai fenti ma mako huɗu yana zaune kafin aiki ya iso shi, nan ya ɗauko waya. Shi ya kamata a ba alƙalami tun farko.

Dayis ɗaya ya ɓata.

Alhamis: zagaye ɗaya tak, a musanya dayis, minti 30 na tambayoyi.