Yadda na rina jelar karen gonata

Karen gona ba ya zama wuri ɗaya. Nawa, wanda yara suka raɗa wa suna Barsu, fari ne sol, dogo siriri irin karnukanmu na gida, kuma tsakanin Bauchi da Dass irinsa ba sa ƙirguwa. Kamannin nan ne ya dame ni. Ranar da aka ce mahaukacin kare ya shigo ƙauye, ba mai tsayawa tambayar na wane ne, duk wanda aka gani a sake sai sanda. Ga kuma masu ɗauke karnuka da dare, don kare kuɗi ne a wajen wasu, kuma kasuwar Dawaki ta jihar Filato, wadda ta yi suna a cinikinsu, ba wani nisa gare ta da mu ba. Abin wuya kuwa ko ƙaya ta tsinke shi ko a zare. Alamar da za a hango daga nesa nake so, wadda hannu ba zai cire ba.

Shawara ta zo ta ko'ina. Uwargida ta ce lalle, ai ana sa wa ragon Sallah. Wani aboki ya ce dayis na gashi, mai gadin gonar ya ce ragowar fentin ƙyaure ma ya isa. Da na kai karen allurar rigakafin cutar hauka, wadda ake sabuntawa duk shekara, sai na tambayi likitan dabbobi. Ya ce, "Alhaji, duk abin da ka shafa wa kare a jiki, a cikinsa zai ƙare. Lashewa zai yi." Ya yi min bayani cewa sinadarin da ke sa lalle ja, idan kare ya haɗiye shi da yawa, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Baƙin lalle da dayis sun fi muni: galibinsu akwai wani sinadarin rini da ake kira PPD, dayis ɗin kuma har da amoniya. Fatar kare ta fi tamu rashin kauri nesa ba kusa ba, sai su ƙone ta kafin ma a zo maganar ciki. Fenti bai ko tsaya a kansa ba.

Abu biyu ya yarje min: kalar abinci irin ta masu yin kek, ko rinin da aka haɗa musamman don dabbobin gida, kamar na kamfanin Opawz, wanda sai an yi odarsa ta intanet. Na fara da kalar abinci, tunda a kasuwar Wunti ma ana samu.

Zaɓen launin ya fi cin lokacina. Ja a jikin farin kare kamar jini yake, kuma kare mai jini a jiki shi ne farkon wanda za a jefa. Shuɗi mai duhu ya yi kama da maganin feshin da ake sa wa dabba a kan miki, sai a ɗauka ciwo gare shi. Ruwan lemu, ƙurar rani za ta cinye shi. Na tsaya a kore shar. Shi gogan bai san ana yi ba, don idon kare shuɗi da rawaya ya fi tantancewa, ja da kore duk dishi-dishi yake ganinsu.

Na ɗiga masa kaɗan a cikin cinya, na bar shi ya kwana. Da safe ba ja, ba kumburi, ba susa. Na duba jelar da kyau, saboda inda kaska ta ciza ko ƙazuwa ta kama ba a sa rini. Na yi masa wanka da shamfu na karnuka, ban yarda da sabulun wanki ba, na jira ya bushe a inuwar mangwaro. Datti da maiƙon jiki suna hana launi kamawa. Ɗana ya riƙe kan yana ba shi guntun ƙashi, ni kuma da safar hannu da tsohon buroshin haƙori ina bin gashin ƙarshen jelar, daga tsakiya zuwa tsini, ba tare da na goga har fata ba. Fuska, kunne da ƙarƙashin jela ban je kusa da su ba. Wahalar aikin duka ita ce jelar ba ta tsayawa: da ya ji daɗin ƙashin sai ya kaɗa, rigar yaron ta koma ɗige-ɗigen kore.

Kalar abinci ta yi kyau ranar farko, amma raɓar safe da birgima a ƙasa suka dusashe ta nan da nan, kuma idan ta jiƙe tana zuba a duk abin da ya goga. Sai na koma rinin dabbobin, wanda ya fi ta zama sosai. Kamar man shafawa yake, ka shafa, ka naɗe jelar da leda, ka jira kamar minti 20, ka ɗauraye har sai ruwan ya fito fari. A wannan jiran ne ake buƙatar mutum na biyu, don da ka saki kan zai juyo ya lasa. Yana da tsada, amma jela ba ta cin da yawa, kuma sai wanka ya yi yawa ko sabon gashi ya fito ake ƙarawa.

Launin kaɗai ba ya gaya wa kowa komai, shi ya sa na je na sanar da mai unguwa da makiyayan da ke ratsa gonar cewa mai koren jela nawa ne, kuma an yi masa allura. Yanzu har yara kan zo su ce sun gan shi a bakin rafi.

Maƙwabcina ya so ya yi wa nasa, amma baƙi ne wuluk, kuma rini ba ya fita sai a farin gashi ko mai haske. Sai dai a fara koɗe gashin da sinadari, abin da likitan ya hana a yi a gida. Ya haƙura, ya sa tela ya ɗinka masa abin wuya na rawayan yadi, yana sauyawa duk lokacin da ƙaya ta yaga.