Aiki da Injin Buga Fil da Huda Takarda Ba Tare da Rauni Ba

Ƙaramar maɗaba'a nake da ita, ni da ma'aikata uku, kuma mafi yawan abin da muke bugawa rahotannin ofisoshi ne, da takardun taro, da takardun jarrabawa, da ƙananan littattafan da ake ninkewa biyu a buga musu fil a tsakiya. Duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san cewa bugawar ita ce mai sauƙi. Wahalar tana farawa ne bayan takarda ta fito, lokacin da za a jera shafuka bi da bi, a daidaita bakinsu, a maƙala su, a huda waɗanda za a sa a fayil. Mun yi shekaru muna wannan da hannu a kan dogon tebur, har yatsunmu suka yi kanta, kafin na samu halin haɗa wa babban injinmu sashen da masu sana'a ke kira finisha.

Finisha doguwar akwati ce da ake maƙala wa babban injin a gefe, ta yadda takarda tana fitowa daga wancan sai ta shige cikin wannan ba tare da hannun kowa ya taɓa ta ba. Idan an zaɓi huji, kowace takarda ana huda ta ne ita kaɗai tana kan hanya, wasu ƙarafa masu kaifi su ratsa ta su koma cikin ƙiftawar ido. Daga nan ta wuce zuwa wani ƙaramin tire na ciki inda takardu ke taruwa, wasu faifai biyu suna bubbuga su ta gefe har bakinsu ya zo ɗaya, sai kan fil, wato sashen da ke buga fil ɗin, ya taho ya matse su ya buga. A ƙarshe a turo ƙunshin waje zuwa babban tire, wanda shi ma ba ya zama wuri guda, domin yana sauka a hankali gwargwadon yadda takardu ke ƙaruwa a kansa, yana kuma hawa da kansa idan an kwashe. Ranar da aka fara kunna mana ita na yi murna ƙwarai, amma ban tsaya na yi tunanin cewa na shigo da abu mai soka da matsewa cikin ɗakin da hannuwa suka saba shiga ko'ina babu shamaki ba.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne cikin watannin farko. Muna buga takardun wani taro, mai aikin yana tsaye a bakin kanta yana ta duba agogo, sai ƙaramin ma'aikacina, wanda bai daɗe da fara koyon aiki ba, ya ji injin ya yi tsit, ga kuma ƙunshi ɗaya ya leƙo daga bakin finisha bai gama fitowa ba. Ya sa hannu zai jawo shi. Ashe injin dakatawa kawai ya yi yana daidaita kansa, kamar yadda yakan yi a tsakiyar dogon aiki, kuma yatsun yaron na shiga sai abin da ke turo takarda ya motsa ya matse masa biyu. Allah ya taƙaita, ƙashi bai taɓu ba, fata ce ta saluɓe, farce ɗaya kuma ya yi baƙi na makonni. Ina ɗaure masa yatsun yana cewa, "Maigida, wallahi na ɗauka ya gama." Ban yi masa faɗa ba, domin ni kaina na sha miƙa hannu haka a gabansa idan ina sauri, kuma a wurina ya gani.

Tun daga ranar muka daina ɗaukar shirun inji a matsayin shaidar ya tsaya. Inji irin wannan yana haɗe da kwamfutocin shagon, saboda haka wanda ke zaune can wata kusurwa zai iya turo aiki alhali wani yana sunkuye a gaban finisha bai sani ba. Ko da ya shiga barcin rage cin wuta, allonsa ya yi duhu, umarni ɗaya ya isa ya tashe shi. Dokarmu a yanzu ita ce, ba a ɗaukar takarda sai ta gama fitowa ta kwanta a kan tire. Duk wadda wani sashenta ke cikin baki, har yanzu ta inji ce. Idan ya zama dole a taɓa ciki, sai a dakatar da aikin a kan allo, a faɗa da baki kowa ya ji kada wani ya turo sabo, sannan a buɗe ƙofa.

Buɗe ƙofar nan tana da dalilin da ya wuce samun hanyar shiga. A jikin kowace ƙofa akwai ɗan harshen roba da ke shiga wani rami ya danne makunni, kuma da zarar an buɗe, harshen ya fita, wuta ta yanke daga sassan da ke motsi. Wannan ɗan makunni shi ne abin da ke tsakanin yatsan mutum da kan fil. Wata rana, bayan wani mai gyara ya yi mana aiki ya tafi, na buɗe ƙofar gaba zan cire takarda sai na ji abu ya juya a ciki alhali ƙofar tana hangame. Gabana ya faɗi. Da na haska fitila sai na tarar da guntuwar takarda a ninke, an cusa ta can cikin ramin makunnin har ƙofar tana iya rufuwa a kanta. Masu gyara sukan yi haka domin su kalli yadda sassan ke tafiya, kuma su sun san inda ba a sa hannu, amma wannan ya manta bai cire ba, mu kuwa mun yi kwana biyu muna aiki a haka. Yanzu duk wanda ya taɓa mana inji, kafin ya fita sai na buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya a gabansa, na ga allo ya nuna cewa an buɗe kowace.

Cushewar fil ita ce matsalar da ta fi yawan kai hannunmu ciki, kuma na fi so in koya wa sabon ma'aikaci ita da kaina, a ranar da babu aikin gaggawa. Ana buɗe ƙofa, a kama mariƙin gidan fil, wato ɗan akwatin da fil ke jere a ciki, a zaro shi gaba ɗaya waje, domin ba a gyaran fil a cikin inji. A bakinsa akwai ɗan faifan ƙarfe da ake ɗagawa, a ƙarƙashinsa kuma za a ga fil ɗin da ya lanƙwashe, wani lokaci biyu ko uku sun hau kan juna sun murɗe. Tsininsu ya fi yadda ido ke gani kaifi, kuma wurin da suka fi son shiga shi ne ƙarƙashin farce, shi ya sa muke ajiye ɗan hantsaki kusa da injin domin wannan aiki kaɗai. Bayan an cire su, sai a zubar a kwando nan take, kada a ajiye a kan injin su zame su faɗa ciki, inda za su iya taɓa sassan da ke ɗauke da wuta. A mayar da faifan har a ji ya ce ƙas, a tura gidan fil har ya zauna daram. Sau da yawa ƙunshin farko ko na biyu yakan fito babu fil, saboda injin yana jawo jerin fil ɗin zuwa baki, kuma wanda bai san haka ba zai sake buɗewa ya shiga tone-tone a banza.

Amma na lura cewa yawancin cushewar mu ne muke jawo ta. Galibin finisha na ofis an yi su ne su buga fil a takarda 50 irin ta yau da kullum, mai nauyin giram 80 a murabba'in mita, wato kauri kimanin milimita 5, manya kuwa akwai masu kaiwa 100. Lissafin nan na takarda marar kauri ne. Idan aka haɗa da bango mai kauri gaba da baya, ko takarda mai sheƙi, adadin yana raguwa, kuma injin ba zai san da haka ba sai an gaya masa irin takardar da aka zuba a allo. Wanda ya ƙi gaya masa, fil zai tafi ya kasa ratsawa ya lanƙwashe. Haka kuma kowane inji yana da irin fil ɗinsa, wanda yawanci yakan zo 5,000 a gida ɗaya, kuma na taɓa yarda aka sa mini wani da ya yi kama da namu, na yi mako guda ina zaro gidan fil kusan kowace sa'a. Kowace buɗewa kuwa wata dama ce ta rauni.

A wajen huji, abin da na fi kula shi ne a tambayi mai aiki tun farko irin fayil ɗin da zai sa takardun. Ƙa'idar huda takarda ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 838, wadda ake bi a yawancin ƙasashen da ke amfani da takardar A4, rami biyu ce, faɗin kowane kimanin milimita 6, tsakaninsu milimita 80. Akwai mai rami huɗu da ke bin wannan tazara, a Amurka kuma rami uku aka saba, tsakaninsu kimanin milimita 108. Idan aka yi kuskure, zuciya takan raya wa mutum ya cire fil ya mayar da takardun cikin inji, kuma a nan ɓarna take, domin guntun fil ɗaya da aka manta a jikin takarda ya isa ya karce sassan ciki ko ya dakushe bakin ƙarfen huji. Takarda mai danƙo a baya da ambulan da ledar da haske ke ratsawa ba ma barin su bi ta huji ko fil sam. Sai kuma akwatin da ɓarɓashin huji ke taruwa, wanda kowa ke mantawa da shi. Idan ya cika, ƙananan da'irorin takarda sukan koma sama su toshe ramukan, su watsu cikin injin, su rufe idanun da ke gane wucewar takarda, sai allo ya dinga nuna cushewa alhali babu takarda a ciki. Muna juye shi tun bai cika ba, mu juye shi ƙaf.

Babban tire yana da nasa haɗarin, saboda motsinsa a hankali ne, ba ya ba kowa tsoro. Takardar A4 ɗaya nauyinta kimanin giram 5 ne, don haka tiren da ke ɗaukar takarda 3,000 yana riƙe da kusan kilo 15, kuma abin da ke iya hawa da sauka da wannan nauyi ba zai ji yatsa ko gwiwar hannu a kan hanyarsa ba. Ba ma ajiye kwali ko kwandon shara a ƙarƙashinsa, ba ma jingina da shi, kuma idan muka kwashe takardu mukan janye hannu da wuri, domin a lokacin ne yake tasowa sama zuwa bakin finisha.

Wani lokaci takarda takan maƙale ne a tsakanin babban injin da finisha, kuma a nan zafi ne abin gudu. Sashen da ke narka garin tawada ya manne a takarda yana kaiwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya hucewa da an buɗe ƙofa. Masu ƙera injunan sukan shafa wa mariƙan da aka yarda a taɓa launi dabam, galibi kore ko shuɗi, su kuma manna alamar zafi inda ba a so hannu ya je; na kan ce wa ma'aikatana abin da ba shi da wannan launi, ba namu ba ne. Ana sakin mariƙin da ya matse takardar, a kama ta da hannu biyu a ja a hankali ta inda ta dosa, sannan a shimfiɗa ta a duba ko ta fito cikakkiya, domin guntun da ya yage ya rage a ciki shi ne zai tare ta gaba. Wuƙa ko sukuddireba ba sa shiga injina. Takardar da ba ta kai ga sashen zafi ba tawadarta gari ce, kuma idan ta taɓa hannu ko riga da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narka ta yake yi ta kama. Kafin mutum ya sunkuya kuma sai ya naɗe hannun riga, ya tattare mayafi ko igiyar da ke wuyansa, tun da abin da ke jan takarda zai ja ƙyalle haka nan.

Idan za a raba finisha da babban injin domin shara ko gyara, ba ma yi sai an kashe daga makunni, an jira allo ya mutu gaba ɗaya, an zare fulogi ta hanyar kama kansa, sannan a cire wayar da ke haɗa su biyun. Ba ma fesa mata maganin goge-goge na gwangwani, saboda iskar da ke cikinsa tana iya kama wuta idan ta samu zafi. Ƙyalle mai ɗan laima ya wadatar. Wajen mayar da ita mutum biyu ne suke turawa, tafin hannu a bayan akwatin, babu yatsa a gefen da zai haɗu da injin, a tafi a hankali har maƙullin ya kama. Daga nan sai in buga gwaji na takarda goma da fil a kusurwa da rami biyu, in ɗaga ƙunshin zuwa haske in ga ko ramukan sun hau kan juna, in shafa bayan fil ɗin da ɗan yatsa in ji ko ƙafafunsa sun kwanta, sannan in ce wa yaran su turo aiki.